Fumfuna a Katifa, Matashi da Tabarma: Yadda Ake Cire Ta, da Yadda Ake Hana Ta

A ƙauyukanmu na Jazira da na bakin Bahar Azrak, rabin zaman gida a waje ake yinsa. Da la'asar a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Da dare a fitar da angarib tsakar gida, a ɗora katifa da matashi, a kwana ana shan iska. Da rani babu abin damuwa, gama rana tana busar da kome. Amma idan damina ta kama, kayan shimfiɗa sukan sha ruwa da raɓa, a kwashe su da gaggawa a jibge a ɗaki. Bayan kwana kaɗan sai a ji wari, a ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jikin katifa. Wannan ita ce fumfuna.

Mutane da yawa suna ɗaukarta datti ne kawai. Amma a kan wannan katifa jariri yake kwana, a kan wannan matashi tsoho mai tari yake ɗora fuskarsa har gari ya waye. Shi ya sa maganar fumfuna ta shiga maganar lafiya.

Mece ce fumfuna?

Fumfuna abu ne mai rai. Irinta ɗaya da wadda kuke gani a kan tuwon da ya kwana uku, ko a kan gurasar da aka manta a leda. Tana da ƙwayoyin iri ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Suna yawo cikin iska kullum, a kowane gida, mai tsabta da marar tsabta. Ba wanda zai iya kore su duka.

Kafin iri ya tsiro yana bukatar abu uku: laima, ɗumi, da abinci. Abincin fumfuna shi ne auduga, kaba, fata, itace, da ƙura da gumi da dattin jiki da suka taru a kan shimfiɗa. Ɗumi kuwa muna da shi duk shekara. Saura laima. Idan katifa ta jiƙe ba a busar da ita ba, cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna tana iya fara tsirowa. Za ku gan ta baƙa, ko toka-toka, ko kore-kore, ko fara kamar gari. Sau da yawa hanci yakan riga ido ganewa.

Cikin waɗannan abubuwa uku, laima ce kaɗai take hannunmu. Wanda ya raba kayansa da laima ya raba su da fumfuna.

Me ya sa take yawa a wajenmu?

Daminarmu gajera ce, amma mai ƙarfi. Yawancin ruwan yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata. Ruwan yana ƙaruwa in aka nufi kudu. Damazin tana samun kusan milimita 700 a shekara, Wad Madani kuwa wajen rabin haka. Don haka mutanen Sinja da Rusairis da Damazin sun fi fama da wannan abu, ko da yake na Mai Wurno da Sinnar da Jazira ma ba su tsira ba.

Ƙasarmu kuma baƙar laka ce, wadda take tsagewa da rani, ta kumbura da damina. Irin wannan ƙasa ba ta shanye ruwa da sauri. Ruwa yakan kwanta a tsakar gida kwana da kwanaki, laima ta hau gindin bango, daɓen ɗaki ya yi sanyi. Tabarmar da aka bari a ƙasa tana tsotsar wannan laima ta ƙarƙashi, ko da samanta a bushe yake. Ƙauyukan da suke kusa da magudanan ruwan noma, waɗanda suke ɗauko ruwa daga madatsar Sinnar tun 1925, da waɗanda suke bakin kogi, suna samun raɓa mai nauyi da asuba har cikin kaka.

Akwai kuma laimar da muke kawowa da kanmu: gumin dare, fitsarin yara, ruwan da yake tsatsafowa daga gindin randa, da wanki da ake shanyawa cikin ɗaki a rufe.

Wace cuta take jawowa?

Mutum mai ƙarfin jiki yana iya kwana a kan katifa mai fumfuna bai ji kome ba sai wari. Wani kuwa zai tashi da atishawa, toshewar hanci, ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, tari, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi a fata. A shekara ta 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna gidaje masu laima sun fi yawan tari da shessheƙa da tashin asma.

Ga waɗanda ya kamata a fi kiyayewa:

1. Masu asma, wato fuka. Fumfuna tana tayar musu da ciwon, musamman da dare. Laimar da take raya fumfuna tana kuma raya waɗansu ƙananan ƙwari na cikin ƙurar katifa, waɗanda ido ba ya gani, su ma suna tayar da asma.

2. Jarirai da ƙananan yara. Hanyoyin numfashinsu ƙanana ne, kuma sun fi kowa daɗewa a kan shimfiɗa.

3. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, wato tibi, ko da ya warke. Tibi yakan bar rami a huhu. Akwai wata irin fumfuna mai suna Asfajilus da take iya zama cikin wannan rami ta girma, har mutum ya riƙa tari da jini.

4. Masu raunin garkuwar jiki: mai cutar ƙanjamau, mai ciwon sukari da bai daidaita ba, mai shan maganin ciwon daji, da tsofaffi ƙwarai.

Duk wanda yake cikin waɗannan kada ya yi aikin cire fumfuna, kada kuma ya tsaya kusa lokacin da ake yi.

Shiri kafin a fara

Ku zaɓi ranar da gari ya washe, ku fara da hantsi domin kaya su sami rana mai tsawo. Ku fitar da kayan waje tukuna. Kada a kakkaɓe katifa cikin ɗaki, gama irin fumfuna zai watsu ya sauka a kan sauran kaya. Ku tsaya inda iska za ta kwashe ƙurar daga gare ku, nesa da madafa da randar ruwan sha.

Mai aikin ya rufe hanci da baki da takunkumi, ko da ƙyalle mai kauri ninki biyu. In akwai safar hannu ta roba ya sa. In babu, ya zura hannu cikin leda ya ɗaure. Ku tanadi buroshi ko tsintsiya mai ƙarfi, bokiti, sabulu ko omo, gishiri, lemon tsami, da ruwan kulor, wato bilic, in yana samuwa.

Ku ɗebo ruwa ku yi wankin a gida. Kada ku shiga cikin magudanar ruwan noma ku tsaya kuna wanki, kada kuma ku aiki yara can. Ruwan magudanan Jazira yana ɗauke da tsargiya, kuma ta fata take shiga. In ruwan magudana ne kaɗai kuke da shi, ku bar shi cikin jarka ko duro kwana uku kafin ku taɓa shi.

Rigar katifa, rigar matashi da zanen gado

1. A cire rigar, a goge busasshiyar fumfunar da buroshi.
2. A jiƙa cikin ruwan zafi da omo wajen rabin awa, a cuɗa sosai, a ɗauraye.
3. In tabo ya rage, a matsa lemon tsami a kai, a barbaɗa gishiri, a shanya a rana, sa'an nan a sake ɗaurayewa.
4. In yadin fari ne na auduga kuma tabon ya ƙi fita, a yi amfani da bilic. Ma'auni ɗaya na bilic, ma'auni 16 na ruwa mai sanyi. Da kofin shayi za ku iya aunawa. A jiƙa minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau biyu.
5. A shanya a rana har ya bushe ƙayau, musamman wajen ɗinki.

Bilic yana cin launi. In yadin mai launi ne, a gwada a ɗan gefe tukuna. Ba a sa shi a ulu, ko siliki, ko fata.

Katifar auduga

Katifar auduga ba a jiƙa ta da ruwa gaba ɗaya, gama cikinta ba ya bushewa da wuri. In fumfunar a sama take kawai, a goge da buroshi, a tsoma tsumma cikin ruwan sabulu, a matse shi sosai, a goge wurin. A bi da wani tsumma mai ruwa zalla, shi ma a matse. Sa'an nan a ɗora katifar a kan angarib marar shimfiɗa a tsakiyar rana, domin iska ta ratsa ta ƙarƙashi. A juya ta da azahar. A shigar da ita kafin faɗuwar rana, a sake fitarwa gobe da jibi.

Bayan kwana uku ku sa hanci ku shinshina. In warin yana nan, fumfunar ta shiga ciki. Sai a farke katifar, a zubar da audugar da ta yi baƙi ko ta dunƙule, a baza sauran a rana kwana biyu. A kai wa mai gyaran katifa, wanda ake ce wa munajjid, ya shiɓe ta, ya ƙara sabuwa, ya ɗinka cikin rigar da aka wanke ko sabuwa. Matashin auduga ma haka ake yi masa. Matashin jariri ko na mai asma kuwa, in ya yi fumfuna, a sake masa auduga gaba ɗaya. Kuɗin auduga bai kai kuɗin kwanciya asibiti ba.

Katifar soso

Soso yana shan ruwa kamar raƙumi, kuma ba ya sakinsa da sauri. A cire rigar a wanke dabam. In soson siriri ne, ko na matashin kujera, a wanke shi da ruwan sabulu, a tattake shi da ƙafa a kan wuri mai tsabta har ruwan ya fita, a ɗauraye, a sake tattakewa. A jingine shi a tsaye inda iska take kaɗawa. Yana iya ɗaukar kwana biyu ko uku. Ku danna tsakiyarsa da busasshen tsumma. In tsumman ya yi sanyi, bai bushe ba. Kada a zuba wa soso bilic, yana ruɓar da shi. Rana mai zafi ta kwanaki da yawa ma tana sa shi ya riƙa marmashewa, don haka da ya bushe a mayar masa da rigarsa. In an yanka gefe aka ga baƙi ya ratsa har ciki, wannan soso ya gama aiki.

Tabarma da angarib

Tabarmar kaba, wadda maƙwabtanmu Larabawa suke kira birish, a share ta da tsintsiya ciki da baya, a bi saƙar. A goge da tsumma mai ruwan sabulu, a rataye a kan igiya ko danga. Kada a naɗe ta sai ta bushe sarai. Tabarmar roba ta fi sauƙi: a wanke da omo da buroshi, a ɗauraye, a rataye. Roba ba abincin fumfuna ba ce, dattin da yake maƙale a saƙar ne take ci.

Angarib kuma a duba ƙafafunsa da inda igiya ta naɗe itace. A goge da ruwan sabulu, a bi da ruwan bilic da aka surka, a bar shi a rana. In igiyar kaba ce ta yi baƙi tana tsinkewa, a sake saƙa. Kujerun roba da na ƙarfe, ruwan sabulu ya ishe su.

Haka za a yi wa tabarmi da dardumai na wurin ibada, da na makaranta, da na zauren taro. Kayan jama'a sukan rasa mai kula. Ya kamata a sa mutum biyu ko uku su riƙa fitar da su rana kowane mako da damina.

Buzu da timtim

Kayan fata ba sa son ruwa da yawa, ba sa kuma son rana mai zafi, gama tana sa su ƙandare su tsage. A goge fumfunar da busasshen tsumma a waje. A haɗa sifirit na kemis da ruwa daidai wa daida, a tsoma tsumma a matse, a goge. A shanya a inuwa inda iska take. Sifirit yana kama wuta, a yi nesa da murhu da fitila.

Abubuwan da ba a yi

Kada a haɗa bilic da lemon tsami, ko da khal, ko da wani maganin wanke bayan gida. Haɗin yana fitar da iska mai guba wadda take ƙona ido da huhu. In za a yi amfani da lemo da bilic duka, a ɗauraye sosai tsakaninsu. A ajiye bilic inda yara ba sa kaiwa, kada kuma a juye shi cikin kwalbar lemo ko ta ruwan sha.

Kada a fesa wa katifa maganin ƙwarin gona. Maganin feshin auduga ba ya kashe fumfuna, amma yana shiga jikin mutum ta fata da numfashi, yana iya kashe yaro. Kananzir da fetur ma haka, ga kuma hatsarin gobara.

Kada a dogara ga turaren wuta. Yana rufe wari, fumfunar kuwa tana nan tana ci. Hayaƙinsa kuma yana tayar da asma.

Kada a naɗe katifa mai laima cikin leda. Ledar tana kulle laimar a ciki.

Gidan sauro mai magani ba a sa masa bilic ko ruwan zafi, ba a kuma shanya shi a rana. A wanke shi a hankali da sabulu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, domin maganin da yake jikinsa ya daɗe.

Bayan ambaliya, ko gidan da ya daɗe a rufe

Manya suna tuna ambaliyar 1988, kowa kuma ya ga ta 2020. Ruwan ambaliya yakan bi ta masai da turken dabbobi kafin ya shigo ɗaki. Katifa ko matashin da ya nutse cikinsa yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa ban da fumfuna. In da hali, a rabu da shi. In babu hali, a zubar da audugar, a wanke rigar da ruwan zafi da bilic, a cika da sabuwa. Yaro da marar lafiya kada su kwana a kan abin da ya sha ruwan ambaliya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, iyalai da yawa sun bar gidajensu a rufe, damina ta wuce a kansu. Wanda ya komo, ya buɗe ƙofofi da tagogi, ya bar ɗakin ya sha iska kafin ya shiga aiki. A fitar da kaya duka waje. A ɗaga tabarmi da katifu da sanda tukuna, saboda kunama da maciji. A duba rufi inda yake yoyo a gyara, a kankare bangon da ya yi baƙi, a bar shi ya bushe kafin a yi masa yaɓe ko farar ƙasa. Yara da tsofaffi su kwana a rumfa har aikin ya ƙare.

Yadda ake hana ta

Rigakafi ya fi magani, kuma rana ba a biyanta ko sisi.

1. Da safe kada a naɗe shimfiɗa nan da nan. A bar ta a kan gado a rana awa ɗaya ko biyu, raɓa da gumi su fita.
2. In hadari ya taso da dare an kwashe kaya da gudu, da safe a sake fitar da su, ko da ɗan yayyafi ne ya taɓa su.
3. Kada a jibge katifu a ƙasa. A ɗora su a kan angarib, ko a kan katako bisa tubali. A bar rata tsakaninsu da bango, yadda hannu zai wuce.
4. Tabarma a naɗe a jingine a tsaye bisa tubali, ko a rataye.
5. A riƙa juya katifa kowane mako.
6. A shimfiɗa wa yaro mai fitsarin kwance leda mai kauri a kan busasshiyar katifa, a rufe da zane. A wanke zanen da ledar kowace safiya. Jariri kuwa kada a bar leda kusa da fuskarsa.
7. A buɗe tagogi da rana. A fitar da randa daga ɗakin kwana.
8. Kafin damina, cikin Mayu ko Yuni, a gyara rufin ɗaki da na rumfa, a cike gindin bango da ƙasa, a yi wa ruwa hanya ya fita daga tsakar gida.
9. Kayan baƙi da kayan amarya da suke cikin akwati, a fitar da su rana sau biyu a wata har damina ta wuce.

Tambayoyi biyu da akan yi

Fumfunar katifa ce take kawo nabit? A'a. Nabit, kumburin nan da yakan kama ƙafa ya riƙa fitar da ƙwayoyi baƙaƙe ko farare, ya yi yawa a Jazira da Sinnar. Abin da yake kawo shi yana cikin ƙasa, yana shiga jiki ta rauni, kamar sukar ƙaya. Takalmi ne rigakafinsa. Wanda ya ga kumburi marar zafi a ƙafa ko hannu ya je asibiti tun yana ƙarami.

Za a iya wanke gyaɗa ko dawa mai fumfuna a ci? A'a. Fumfunar gyaɗa da hatsi tana iya fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda take lalata hanta. Wanki da dahuwa ba sa kawar da ita. A tsince mai fumfuna a zubar, kada a ba dabbobi. Kada kuma a ajiye buhunan hatsi a ɗakin da ake kwana in da wani wuri.

Yaushe za a zo asibiti?

Ku zo, ko ku kawo marar lafiya, in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: tari ya wuce mako biyu, tari da jini, ko da kaɗan ne, shessheƙa ko kukan ƙirji da dare, mai asma yana bukatar maganin shaƙarsa fiye da yadda ya saba, ƙuraje sun ƙi warkewa.

Ga yaro, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi yawa. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko leɓunansa sun canza launi, ko ya kasa shan nono, kada ku jira gari ya waye.

In kun zo, ku gaya wa ma'aikacin lafiya cewa akwai laima ko fumfuna a inda marar lafiyan yake kwana. Wannan zai taimake shi gane ciwon. Magani zai kwantar da tari, amma in aka koma kan katifar nan ba a gyara ta ba, tarin zai komo.

Ku tuna

Fumfuna ba ta tsirowa a busasshen wuri. Abin da ya jiƙe, a busar da shi kafin kwana biyu. A yi aikin a waje, da hanci a rufe. Bilic da ruwa kaɗai ake haɗa shi. Abin da fumfuna ta ratsa har ciki, a sake shi. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, kuma a fara da katifar jariri da ta mai tari.